Shanu Uku a Bangon Kogo

Ranar da Barista ta fara zuwa gidanmu ina nan, na zo duba Baba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin birni, tafiyar awa huɗu daga gida. Tun da ciwon suga ya kama shi nake zuwa duk ƙarshen wata in auna shi, in yi masa faɗa a kan shayi, in koma. Shi kuwa tun ranar da na shiga makarantar jinya bai ƙara kirana da sunana ba, sai Likita.

Muna zaune a tsakar gida da hantsi ina yanke masa farce, aka yi sallama. Mace ce gajera, ta haura hamsin, da jaka mai nauyi wadda ta karkatar mata da kafaɗa. Ta ce daga ma'aikatar shari'a take, kuma maganar kogo ce ta kawo ta.

A bayan garinmu akwai wani farin dutse mai faɗi, a cikinsa akwai kogo. Bangon kogon cike yake da jan zane: shanu masu dogayen ƙahoni, raƙuman dawa, mutane riƙe da hannun juna, da tafukan hannu barkatai, manya da ƙanana. Masana sun ce zanen ya shekara dubbai. Baba malamin firamare ne har ya yi ritaya, amma shekara arba'in da ɗaya yana kula da kogon nan ba da sisin kowa ba. A wajen wani tsohon mai gadi ya gaji aikin. Ma'aikatar al'adu ta taɓa zuwa ta sa ƙofar ƙarfe, ta ba shi makulli, daga nan ba ta sake leƙowa ba. Shi yake share kashin jemage, shi yake toshe inda ruwa ke yoyo, shi yake kai 'yan makaranta.

Sai wani kamfanin siminti na ƙasar waje ya sami lasisin fasa dutsen na shekara talatin. Suka fara daga gefen gabas, nesa da kogon. Wata takwas da farawa, girgizar nakiya ta tsaga bangon kogon daga sama har ƙasa. Baba ya ɗauki hoto, wani tsohon ɗalibinsa ya sa a jarida, ƙasa ta ɗauka. Cikin kwana uku gwamnati ta soke lasisin. Mutane suka yi ta zuwa yi wa Baba barka. Yayana kaɗai ne bai zo ba, domin shi direban tifa ne a kamfanin, kuma da shi da mutum ɗari huɗu aka sallama rana ɗaya.

“Kamfanin ya kai mu ƙara, Malam,” in ji Barista. “Amma ba a kotunmu ba. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarsu da tamu, an sa hannu tun ina makaranta. Ta ce duk wanda ya zo daga can ya zuba jari a nan, in gwamnati ta taɓa masa dukiya, yana iya kai ta gaban alƙalai uku a wata ƙasa daban. Kotun sasanci ake ce mata. Abin da suka yanke ya yanku, ba ɗaukaka ƙara irin wadda muka sani.”

Baba ya dube ta. “Dutsen yana nan, mu ma muna nan, shari'ar kuma tana can?”

“Haka ne.”

“Alƙalan sun taɓa ganin kogon?”

“A hoto.”

“To, Allah ya sa mai hoton ya iya aikinsa.”

Ta yi dariya, ta ce hujjarmu ɗaya ce: ƙasa tana da ikon kare kayan tarihinta, kuma abin da ke kogon nan ba a iya sake shi. Tana so Baba ya je ya faɗa wa alƙalai da bakinsa. Sannan ta zaro wata takarda mai kauri.

“Sai dai akwai abu ɗaya. Kamfanin ya ɗauko masani, ya kankari ɗan launi ya kai ɗakin gwaji. A jikin shanu uku na ƙasa, gefen dama, sun sami fenti irin na kanti. Suna so su ce zanen ba tsoho ba ne, ko an yi masa haɗi. Malam, ka san yadda aka yi fentin nan ya hau bangon?”

Na ji ƙafar Baba ta motsa a cinyata. Ya buɗe baki.

“Masu awon kamfanin ne,” na ce da sauri. “Da jan fenti suke sa alama a kan duwatsu, kowa ya gani. Sun shiga kogon ya fi sau uku.”

Barista ta juyo gare ni, ta koma kan Baba. Baba ya sunkuyar da kai yana duban farcensa. Ta ɗauki shirunsa a matsayin e, ta rubuta.

Ni na sayi fentin nan. Ina da shekara sha tara, ina ajin farko a makarantar jinya. A daminar shekarar ruwa ya sami hanya ta saman kogon ya bi ta kan shanu ukun, har suka kusa ɓacewa. Tsohon mai gadi ya koya wa Baba cewa in zane ya dushe, a niƙa wani jan dutse mai laushi, a kwaɓa da ƙaro, a bi layin da tsinke. Baba ya yi hakan, ruwa ya wanke. Ya sake, ya sake wankewa. Na zo hutu na tarar wuyan hannunsa ya kumbura saboda niƙa. Sai na shiga kantin kayan gini na sayo ƙaramin gwangwani, na kawo masa ina jin na yi abin kai. Na ce wannan ruwa ba ya wanke shi. Ya yi kwana biyu yana kallon gwangwanin kafin ya buɗe. Daga baya da ya karanta wani littafin masana ya gane ɓarnar da ya yi, sai ya daina taɓa bangon gaba ɗaya, ko da jan dutsen. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi, shekara ashirin da shida.

Da motar Barista ta tashi, ya ce, “Likita, me ya sa?”

“Baba, in ka faɗa, sun ci mu. Shanu uku ne cikin zane ɗari biyu da wani abu. Saboda ukun nan za a rasa sauran?”

“Kin ɗora wa mutane abin da ba su yi ba.”

“Su ba su tsaga bangon ba? Wannan ai kaɗan ne a kan abin da suka yi.”

Ya miƙo mini ɗaya ƙafar.

Wata biyar aka yi ana shirin tafiya. Barista ta kawo rubutacciyar shaidarsa, shafi tara, ya karanta ya sa hannu. Maganar masu awo tana shafi na bakwai, layi biyu kacal. Na ga ya daɗe a shafin. Gwamnati ta yarda in raka shi saboda allurarsa.

Ana gobe za mu tafi Yaya ya zo da rana, ya tsaya a ƙofar ɗaki bai zauna ba. Shekara biyu ke nan yana lodin yashi a motar wani, yau akwai gobe babu.

“An ce za ka shiga jirgi, Baba.”

“Haka aka ce.”

“Ka gaishe su. Ka ce musu akwai wani mai 'ya'ya biyar da shanun bango suka tunkuyi abincinsa.”

“Haba Yaya,” na ce.

“Ke ki yi shiru, albashinki yana shiga.” Ya ajiye wata leda a bakin ƙofa. “Rigar sanyi ce. An ce can akwai sanyi.”

Ya juya ya fita. Baba ya jawo ledar, ya gwada rigar, hannun ya yi masa tsawo, ya naɗe.

Ɗakin da ake shari'ar bai yi kama da kotu ba. Hawa na shida ne a wani dogon gini, da shimfiɗa mai laushi wadda ba a jin takun mutum, da tebura jere da kwalaben ruwa. Alƙalan uku suna gaba cikin kwat, ba hula ba riga irin ta alƙalai: tsofaffi maza biyu da mace ɗaya a tsakiya, ita ce shugaba. Ɓangaren kamfani lauyoyi goma sha ɗaya na ƙirga, kowa da kwamfuta. Ɓangarenmu Barista ce da wasu mutum biyu, da wani lauya da aka ɗauko haya daga can. A bayan gilashi akwai tafinta, wani mutuminmu da ya daɗe a ƙasar har furfura ta fito masa. Aka sa wa Baba na'ura a kunne, aka ba ni tawa, aka zaunar da ni a kujerar baya.

Da safen nan a masauki, ina yi masa allura, na ce, “Baba, in sun tambaya, ka ce abin da ke takarda kawai.”

Ya ce, “Wannan allurar taki yau da zafi.”

Barista ce ta fara yi masa tambayoyi, na minti goma. Aka haska hoton bangon a wani babban allo. Baba ya manta da inda yake, ya koma malamin aji. Ya nuna musu saniyar da ke waiwayen ɗan maraƙinta. Ya nuna tafin hannun da babu ɗan yatsa ɗaya, ya ce mai hannun nan ya sa shi a wuri bakwai, kuma kowane ya fi na baya girma kaɗan, wato yaro ne yake girma yana dawowa. Na ga shugabar alƙalan ta ajiye alƙalaminta tana kallon allon. Muryar tafinta ma ta sauya. A raina na ce mun ci.

Sai lauyan kamfani ya miƙe. Dogo ne, mai taushin murya, da ladabi kamar mai neman auren 'yar gidan. Ya gode wa Baba da doguwar tafiya. Ya tambaye shi ko ya sami barci. Ya tambayi shekarunsa a kogon, da wanda ke riƙe da makulli.

“Ni ne.”

“Akwai wani makullin?”

“Babu.”

“To duk wanda ya shiga, kai ka buɗe masa.”

“Ni ne.”

“Da masu awonmu suka shiga, kana tare da su?”

“Ina tare da su.”

“Ka ga ɗayansu ya taɓa bango da fenti?”

Na ji numfashin tafinta a kunnena.

“Ban gani ba.”

Lauyan ya gyaɗa kai, ya ce a sa hoto na gaba. Hotuna biyu ne gefe da gefe. Ya ce wani baƙo mai yawon buɗe ido ne ya ɗauke su, ya zo sau biyu, shekara uku tsakani, kuma iyalansa sun ba wata jami'a kundinsa bayan ya mutu. A na hagu shanu ukun sun dushe, da ƙyar ake ganinsu. A na dama sun yi ja wur kamar jiya aka zana. A ƙasan na daman akwai kwanan wata: shekara ashirin da ɗaya kafin kamfanin ya taka ƙasarmu. A gefen hoton dama ga Baba tsaye, da baƙin gashi, yana murmushi.

“Malam, wa ya sa wa shanun nan fenti?”

Barista ta waiwayo ta dube ni. Ni ce ta duba, ba shi ba.

Baba ya cire tabaransa ya ajiye a tebur. “Ni ne.”

“Da me?”

“Da fentin kanti. Ruwa yana cinye su, na rasa yadda zan yi. Ban san zai cutar ba. Layinsu na bi, ban ƙara ko ɗigo ba.”

“Wa ya kawo maka fentin?”

Na riƙe hannun kujera.

“Ni na buɗe gwangwanin, ni na riƙe tsinken,” in ji Baba. “Wanda ya kawo bai san komai ba.”

Lauyan bai matsa ba, ba ya bukata. Ya ce a buɗe shafi na bakwai, ya karanta layi biyun a hankali. Ya tambaya ko sa hannun da ke ƙarshe na Baba ne.

“Nawa ne.”

“Abin da ke layin nan gaskiya ne?”

“Ba gaskiya ba ne.”

“Sauran zanen fa, ka taɓa bin layinsu da wani abu?”

“Da jan dutse da ƙaro, kamar yadda aka koya mini. Na gabana ma haka ya yi.”

“Guda nawa?”

“Ban ƙirga ba.”

“To a cikin abin da muka gani a allon nan ɗazu, za ka iya rantsewa wane layi ne na mutanen dā, wane ne naka, wane ne na wanda ya gabace ka?”

Baba ya daɗe yana kallon allon. “Wasu zan iya,” ya ce. “Wasu ba zan iya ba.”

“Na gode, Malam. Ba ni da sauran tambaya.”

Da aka tashi hutun rabin awa, Barista ta ja ni zuwa wani lungu kusa da tagar bene. Ba ta ɗaga murya ba.

“Da kun faɗa mini a tsakar gidan nan, da ni zan fara faɗa wa alƙalai. In ce ga dattijon da gwamnati ta bari shi kaɗai da kogo da ruwan sama, ga abin da ya yi da hannunsa don kada zane ya ɓace. In kawo masanin da zai ce haka ake yi a wurare da yawa, tsara bayan tsara. Da abin nan ya zama ƙarfinmu. Yanzu kuwa ƙasa guda ta yi wa kamfani ƙazafi a rubuce, da sa hannuna a ƙasa.”

“Ni ce, Barista. Shi ya so ya faɗa.”

“Na sani. Na gan shi ya buɗe baki. Laifina ne da ban sake tambayarsa shi kaɗai ba, don amsarki ta yi mini daɗi.” Ta goge fuskarta da tafin hannu. “Je ki ba shi ruwa.”

Na same shi zaune shi kaɗai a ɗakin shaidu, na'urar tana rataye a wuyansa. Tafinta ya fito daga bayan gilashinsa ya tsuguna a gabansa kamar ɗa, yana cewa, “Baba, yadda ka faɗa haka na faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.” Baba ya dafa kansa ya ce ya sani, Allah ya yi masa albarka.

A jirgi muna dawowa na ce, “Baba, ka yafe mini.”

“Na ɗauki alƙalami da hannuna, Likita. Ba ki riƙe mini hannu ba. Ni ma na so ya zama su ne.”

Ya juya yana kallon taga har muka sauka.

Wata goma sha ɗaya kafin hukunci ya fito. Barista ba ta aiko da saƙo ba, da kanta ta zo, ta zauna a inda ta zauna a karon farko. Ta ce alƙalan sun yarda ƙasa tana da ikon kare kayan tarihinta, wannan ba gardama. Amma sun ce gwamnati ta ba da lasisi da idonta biyu tana sane da kogon, ta soke shi cikin kwana uku ba ta saurari kamfani ba, ba ta taɓa sa kogon a jerin wuraren da doka ta kare ba, ta bar shi shekaru ba masani ko ɗaya, sannan ta jingina wa kamfani laifin da bai yi ba. Biyu sun ce a biya diyya. Shugabar ce kaɗai ta saɓa, ta rubuta shafi arba'in ita kaɗai.

“Diyyar fa?” na tambaya.

“Ta fi ƙarfinmu. In aka biya, asibitinki ma sai ya ji a jikinsa.” Ta dubi Baba. “Don haka an zauna da su an daidaita. Za a mayar musu da lasisi, su yafe diyyar. Su kuma za su yanko babban ɓangaren bangon, inda masana suka tabbatar ba a taɓa ba, su kai gidan tarihi na birni da kuɗinsu.”

“Kamar yaya girmansa?” in ji Baba.

Ta nuna daga bakin rijiya zuwa ƙofar kicin. Bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bangon ba.

“Tafukan yaron nan bakwai?”

“Biyu suna ciki.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce in kawo wa baƙuwa ruwa, ta sha hanya.

Garin ya rabu biyu a kansa. Wasu suka ce shi ya sayar da kogo da bakinsa, da ya yi shiru da an wuce wurin. Wasu suka ce da ma shi ya hana mutane cin abinci shekara uku a kan zanen da shi ya yi da hannunsa. Har yara suka sa masa suna Mai Fenti, suna faɗa in ya wuce. Waɗanda suka zo barka a dā ba su zo jaje ba. Na ce ya dawo wajena birni, ya ce sai an gama yankan.

Sati shida suka yi suna yanka da wata waya mai ƙarfi da injin ke ja, ana zuba mata ruwa. Kullum Baba yana zuwa ya zauna a kan wani dutse daga nesa, bayan shingen da suka kafa, da hular kwano da wani injiniya ya ba shi don tausayi. Da aka zo ɗaukar allon dutsen, aka nemi direban da ya fi kowa sanin ramukan hanyar. Yaya ne, an mayar da shi aiki tun watan farko. Tafiyar awa huɗu ya yi ta a kwana biyu. Wanda ya raka shi ya ce mini duk inda suka zo gada ko gargada sai ya tsaya, ya sauka, ya zagaya motar ya taɓa igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, har jami'in gidan tarihi ya gaji ya fara yi masa tsawa. Yaya bai taɓa ba ni labarin nan da bakinsa ba.

Da aka gama, na ɗauke Baba zuwa birni ranar Laraba. Ranar Asabar da la'asar Yaya ya kira wayata.

“Yana kusa?”

“Yana alwala.”

“An tashi kogon da nakiya ɗazu.” Ina jin ƙarar injuna a bayansa. “Ni ban yi lodi ba yau. Na ce cikina ke ciwo. Ke ki faɗa masa, ni ba zan iya ba.”

Ban faɗa masa a ranar ba, ban faɗa washegari ba. Ran Litinin yana karin kumallo ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “An yi, ko?” Na ce an yi. Ya ci gaba da tauna burodinsa a hankali har ya cinye, ya kai kofin wajen wanke-wanke da kansa, abin da bai taɓa yi a gidana ba.

Sai bayan wata huɗu aka buɗe sabon ɗakin a gidan tarihi. Ba a gayyace mu bikin buɗewa ba, mu ma ba mu nema ba. Wata Talata da ba ni da aiki ya ce in kai shi. Muka sayi tikiti kamar kowa. Ɗakin yana da sanyi, ba taga, fitilu daga sama suna haska allon dutsen da aka jingina da ƙarafa. An kewaye shi da jar igiya. A gefe akwai ƙaramin allo mai bayani da sunan kamfanin a ƙasa, cewa da tallafinsa aka ceto wannan kayan tarihi.

Baba ya tsaya ya daɗe. Wayar ta bi ta tsakiyar wani raƙumin dawa, wuyansa da kansa suna nan, gangar jikin babu.

Muna nan sai ga 'yan makaranta sun shigo, kusan su talatin, da malamarsu tana ta faman tsawa. Wata yarinya ta tambaya me ya sa mutanen suka riƙe hannun juna. Malamar ta duba allon bayani ba ta sami amsa ba. Ban san lokacin da Baba ya matsa ba.

“Ku ƙirga su,” ya ce. “Nawa ne?”

“Tara!”

“Da su goma sha shida ne. Layin ya ci gaba ta nan, ya zagaya, har ya...” Ya miƙa hannu yana nuna inda sauran suke a dā, ya tsallaka igiyar da ƙafa ɗaya bai sani ba.

“Baba! Baba, a koma baya!” Wata ma'aikaciya ce mai rigar aiki ta taho da sauri. “Ba a tsallaka igiya. Abin nan ya shekara dubbai, ko numfashi yana ɓata shi.”

Baba ya janye ƙafarsa. “Ki yi haƙuri, 'yata. Na yi kuskure.”

“Ba komai, a dai kiyaye.”

Yaran suka bi malamarsu zuwa ɗaki na gaba. Akwai benci a jikin bango, ya je ya zauna, na zauna kusa da shi. Na ce ko mu tafi, rana ta yi. Ya ce in ba shi minti biyar. Muna zaune a wurin har ma'aikaciyar ta dawo ta ce mana za a rufe.